Aikin Hannu Da Zane A Makarantun Batsari Da Safana

Daga wani Jami'in Ilmi

Kwanakin baya, da kaka, aiki ya kai ni yammacin Katsina don in duba ɗalibanmu na kwalejin horon malamai waɗanda muka tura gwajin koyarwa a ƙasar Batsari da ta Safana. Al'adata ce in na sauka a makaranta, kafin in leƙa ko wane aji, sai in tsaya ofishin hedimasta in dubi takardar tsarin darussa da ke manne a bango. Ko'ina na je na tarar an rubuta darasin Al'adu da Fasaha a gurbinsa, ba wanda ya manta da shi. Amma duk kwanakin da na yi ina zagayawa, ban ga yaro ko ɗaya ba wanda hannunsa ya ɓaci da yumɓu ko da tawada a cikin aji.

A wata makaranta na iske malami ya cika allo da bayanin launuka da Turanci, yara suna ta kwafa. Ya rubuta musu cewa ja da shuɗi da rawaya su ne iyayen launuka, in an garwaya shuɗi da rawaya a sami kore. Maganarsa gaskiya ce, sai dai duk ɗakin babu wani launi im ban da farin alli da baƙin allo. A wata kuma lokacin darasin shi ne lokacin sharar fili. Wanda ya fi ɓata mini rai shi ne na makaranta ta uku. Ƙarshen zango ya gabato, an ce ko wane yaro ya kawo aikin hannunsa a ba shi maki, sai ga tsintsiya dami guda a kusurwar ofis, duk ɗauri iri ɗaya, da gani ka san daga hannun mai talla ɗaya suka fito. Wanda bai sami tsintsiya ba ya kawo kuɗinta, shi ma aka rubuta masa maki. Ba zan faɗi sunan makarantun nan ba, don abin bai tsaya kansu kaɗai ba. Duk wanda ya taɓa riƙe alli a ƙasar nan ya san shi, ni ma da na ke wannan rubutu na yi shi sa'ad da na ke sabon malami.

To, a makarantar tsintsiyan nan, da aka tashi tara na zaga bayan ajujuwa in sha iska, sai na tarad da yara maza kamar bakwai sun yi zobe a gindin wani bedi, ko wanne da tarin kara gabansa. Suna ɓare ɓawon karan su tsaga shi siri-siri, su yanka totuwar gunduwa-gunduwa, sa'an nan su riƙa soka tsinken ɓawon cikin totuwa yana riƙe ta kamar ƙusa. Ɗaya ya ƙera babbar mota, ya yanko mata ƙafafu daga tsohon silifa, har suna juyawa. Sauran kuwa bindigogi su ke yi. Mu da muna yara, kara biyu a giciye ya ishe mu bindiga. Waɗannan kuwa har da gidan harsashi mai lanƙwasa, da maratayi na tsumma, da 'yar kunama a inda ta ke. Wani yaro da bai fi shekara goma ba ya yi babur, ya ɗora masa mutum uku, na tsakiya da na baya ko wanne da tasa a kafaɗa.

Ɗalibin da na zo dubawa ya biyo ni. Da ya ga abin sai kunya ta kama shi, ya kai hannu zai karɓe ya kakkarya, na ce masa ya dakata tukuna. Na ɗauki babur ɗin na jujjuya. Girman ƙafafu ya yi daidai da tsawon jiki, kansa kuma yana karkata hagu da dama, ba ma'auni ba kome, da ido kawai yaron ya auna. Ashe darasin da na kwana uku ina nema a cikin aji yana nan bayan aji, ba malami.

Abin Da Idonsu Ya Gani

Mai karatu ya san dalilin bindigogin nan, amma ya kamata a tuna shi a jere. Batsari da Safana suna bakin dajin Rugu ne, wanda ya miƙe har iyakar Zamfara. Satar shanu ta daɗe a cikinsa, sai dai a 2019 abin ya tsananta har mutanen ƙauyuka suka kwararo cikin garin Batsari, aka sauke su a makarantar firamare, ajujuwa suka zama ɗakunan kwana. A watan Fabrairu na 2020 aka faɗa wa Tsauwa da Dankar, aka kashe mutum 30. A watan Disamba na shekarar aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, 344 aka sako bayan kamar mako guda, Gwamnatin Jiha kuwa ta rufe makarantu. A watan Satumba na 2021 aka yanke layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da waɗannan biyu. A cikin 2025 an yi zaman sulhu a Batsari da Safana, waɗansu suka koma gonakinsu. Ke nan yaron da ke aji huɗu ko biyar yau, cikin wannan hali ya buɗe ido.

Rayukan da aka rasa da shanun da aka kora an ƙidaya su gwargwadon iko. Akwai wata hasara da ban ji an ƙidaya ba. A ƙauyukanmu ba makaranta ce ke koya wa yaro sana'a ba, gida ne. Yarinya ta zauna gefen uwarta tana miƙa mata kaba, ba ta ankara ba ta iya saƙar faifai. Yaro ya bi ubansa maƙera yana zuga, ko ya bi kakarsa rafi ɗebo yumɓu. Ran da gari ya watse, iyali suka takure a ɗakin haya ko a zauren ɗan'uwa, kabar tana daji inda ba a iya shiga, ramin yumɓun yana can bakin rafin da aka bari, uwar kuma tana neman abin da za a ci yau. In aka yi shekara biyar haka, an yi yaran da ba su ga yadda a ke yi ba. Makaranta ce kaɗai wurin da ya rage inda yaran nan ke taruwa kullum a gaban babba, don haka nauyin da gida ya sauke ya faɗo kanta, ko ta shirya ko ba ta shirya ba.

Yadda Aka Faro

Waɗansu malamai suna tsammanin darasin nan sabon abu ne da aka ƙago a Abuja don a ƙara musu wahala. Ko kusa. Sa'ad da Ɗan Hausa, watau Hanns Vischer, ya buɗe makarantun Nasarawa a Kano a 1909, ɗaya daga cikinsu ta sana'a ce, inda a ke koyon aikin kafinta da ƙira da dukanci. Bayan an buɗe Kwalejin Katsina a 1922 don horon malamai, makarantun elementare da na midil suka yaɗu, aikin hannu da na lambu suna cikin tsarinsu. Dattawan da suka yi elementare zamanin En'e suna nan da ransu, a tambaye su, za su ba da labarin igiya da tabarmar da suka saƙa da hannunsu. Ajujuwan da su ka zauna su ne yau mu ke kira firamare da ƙaramar sakandare.

A Kudu kuwa, Aina Onabolu mutumin Ijebu Ode shi ya matsa wa Gwamnati ta sa zane cikin darussa, kuma ta dalilinsa aka kawo wani Bature, Kenneth Murray, a 1927. Abin da na ke yaba wa Murray shi ne bai sa yara kwaikwayon hotunan Ingila ba, ya ce su zana rayuwar garinsu, su kuma kula da sassaƙa da ginin tukwane na iyayensu. Ben Enwonwu, wanda ya zama mashahuri har ya ƙera siffar Sarauniyar Ingila da tagulla, ɗalibinsa ne. Daga baya, a 1955, aka kawo sashen koyon zane Zariya, shi ne yau ke cikin Jami'ar Ahmadu Bello.

Amma labarin da na fi so ɗalibaina su riƙe shi ne na Ladi Kwali. Bagwariya ce, ba ta yi boko ba, a hannun 'yar'uwar iyayenta ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, wanda shi ma ɗalibin Kwalejin Katsina ne, ya ajiye tukwanenta a gidansa sabo da kyansu, a nan Michael Cardew ya gan su. A 1954 ta shiga makarantar tukwane da Cardew ya buɗe a Abuja ta dā, wadda yau a ke kira Suleja. An nuna aikinta a London, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Duk malamin da ya ce ba shi da kayan koyarwa, ya zaro takardar naira 20 daga aljihu ya juya bayanta, ga ta nan zaune tana ginin tukunya. Na gwada wannan a aji shida, ba yaro ɗaya da ya san ko wace ce.

Lalacewar abin, a ganina, ta fara ne bayan shirin ilmin firamare kyauta na 1976, sa'ad da yara suka yi yawa, aka ɗauki malamai da gaggawa, jarrabawar rubutu ta zama ita ce kome. A 2008 aka fara aiki da manhajar shekara tara, aka haɗa zane da kiɗa da wasan kwaikwayo cikin darasi ɗaya. Niyyar mai kyau ce, amma da wuya ka sami malami ɗaya da ya iya ukun, wanda bai iya ba kuwa mafakarsa ita ce ya cika allo da rubutu. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta sake tsari, ta rage yawan darussa, amma ta bar wannan, ta kuma ƙara darasin sana'a a ƙaramar sakandare, irin su ɗinki da haɗa wutar sola da gyaran waya. Ni dai ban ga yadda yaron da bai taɓa auna kara ya yanka daidai ba zai iya riƙe 'yar ƙusar wayar hannu yana shekara goma sha uku.

Kayan Aiki Suna Ƙofar Gida

Uzurin da na fi ji shi ne babu kaya: ba fensir mai launi, ba farar takarda, ba fenti. Gaskiya ne babu, kuma iyayen da suka baro gonarsu ba za a ce su saya ba. Amma littattafan da ke lissafa kayan nan an rubuta su ne don yaran birni. Mu namu kayan shekara ce ke kawo su, malami ya bi ta kawai.

Zangon farko yana faɗawa cikin kaka, lokacin da kara ya fi kome araha. Yaran aji ɗaya zuwa uku su yi abin da suka riga suka iya, mota da keke da madubin ido da kejin tsuntsu, aikin malami shi ne ya sa su faɗi sunan ko wane sashe su ƙidaya guntayen da suka shiga. Na aji huɗu zuwa shida a raba su goma-goma, ko wace ƙungiya ta gina gida guda na kara a kan kwali, da zaure da rumbu da turke da madafa. 'Yan ƙaramar sakandare kuwa a ɗora musu abin da ya fi haka: su auna makarantarsu da taki, su mai da ko wane taki ɗaya gaɓar yatsa ɗaya, su gina siffarta. Yaron da ya yi wannan ya fahimci ma'aunin taswira fiye da wanda ya haddace shi. Na ga yaran da suka baro ƙauyensu sun gina shi da kara, suna gardama kan inda rijiya ta ke da inda masallaci ya ke, har aka kira wata babbar yarinya ta raba gardamar.

Zango na biyu rani ne, shi ya fi dacewa da yumɓu. A tsince tsakuwa, a jiƙa shi ya kwana, a cuɗa shi da dakakken tsingaro ko yashi mai laushi don kada ya tsage. Kada kaurin abin da yaro ya gina ya wuce kaurin yatsa, don mai kauri fashewa ya ke yi cikin wuta. A shanya a inuwa kamar mako guda, iskar hunturu da rana suna tsaga shi in ya bushe da gaggawa. In ya bushe sarai a jera, a rufe da kara da busasshen kashin shanu a gasa yadda magina ke yi. Kasko da asusu da 'yar tukunya sun isa mafari. Ranar gashi babbar rana ce ga yara, ko wanda ya saba gudun makaranta ba ya fashi.

Launi kuwa, nan ne na ke so malamai su dakata, don shi ne a ke cewa sai an sayo. Baƙi dai kowa ya san shi, tawadar makarantar allo ce, gawayi ko baƙin gindin tukunya da ƙaro. Ja yana cikin karan dafi, wanda dukawa ke rina fata da shi, a jiƙa shi da 'yar kanwa. Rawaya tana cikin saiwar rawaya ko gangamau. Fari farar ƙasa ce. Goro in an daka shi yana ba da ruwan goro, lalle ma da nasa. Shuɗi ne kaɗai mai ɗan wuya inda babu marina, amma shuɗin wanki na 'yan tireda ƙulli ɗaya ya ishi aji. Sa'an nan ga zoɓo. A jiƙa shi a raba ruwan kofi uku, a bar na farko yadda ya ke, a matsa lemun tsami a na biyu, a jefa kanwa a na uku. Na biyu zai ƙara ja, na uku ya juye ya yi duhu tsakanin shuɗi da kore. Da na yi wannan gaban yaran aji biyar, ɗakin ya yi tsit, sa'an nan ya ɓarke da salati. Malamin kimiyya na ƙaramar sakandare zai iske an share masa hanya in ya zo maganar tsami da kanwa.

Abin shafa launi, a dandaƙe bakin asawaki, ko a yi da gashin kaza. Takarda, kwalayen da masu shaguna ke zubarwa. Abin manni kuwa, mutanen Batsari ba su da uzuri ko kaɗan, don ƙasar rogo ce: a dama garin rogo a kan wuta kamar koko, ya huce, ya riƙe takarda sarai. Rogon kansa in an yanke shi biyu, aka sassaƙa zane a fuskarsa, ya zama hatimi, a tsoma a launi a buga a kwali ko a tsohon ƙyalle, jeri bayan jeri kamar atamfa. Sai dai a ja wa ƙanana kunne kada su ci ɗanyen, kuma wuƙa da reza su tsaya hannun malami da manyan yara.

Abu ɗaya na ke gargaɗi a kansa da babbar murya. Kada malami ya tura yaro daji neman kaba, ko rafi mai nisa ɗebo yumɓu, ko da an ce lafiya ta samu. Zamanin da a ke cewa ko wane yaro ya zo da kabarsa ran Litinin ya wuce a wannan yanki. Abin da ba a samu cikin gari ba, a saye shi ran kasuwa daga hannun manya, ko a haƙura da shi.

Masu Cewa A'a

Akwai iyayen da za su zo su ce ba su yarda 'ya'yansu su zana mai rai ba. Shawarata ga ƙaramin malami ita ce kada ya buɗe gardama, ba fagensa ba ne, malaman addini ma sun yi bayani mai tsawo a kai. An ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas ya ba wani mai sana'ar zane shawara ya riƙa zana itatuwa da abin da ba shi da rai, filin nan kuwa yana da faɗi ƙwarai. Mafi yawan adon ƙasar Hausa a cikinsa ya ke: zayyanar allon sauka, da dagi, da aska takwas ta gaban riga, da zanen ƙwarya, da adon bangon soro. A kafa ƙusa a ƙasa, a ɗaura mata zare, a zaga a fid da da'ira, sa'an nan a bi gefenta da tsawon zaren nan, za a ga ya raba ta shida cif. Daga nan fure mai kunne shida ya fito, daga shi tauraro. Mai zayyana na unguwa ya san wannan tun kafin a haifi malamin lissafi, kuma in aka gayyato shi aji, uban da ya zo da fushi shi zai fara matsowa ya gani.

Waɗansu kuma cewa su ke yi ba su kawo ɗansu boko don ya zama maginin tukunya ba. Wannan raini tsoho ne, tun zamanin makarantar midil a ke fama da shi. Amsata gare su ita ce su dubi kasuwa. Mai zanen hula kafin a ɗinka, biyansa a ke yi. Mai ƙunshin amare, da mai rubuta allon shago, da mai adon babbar mota, da tela mai fid da sabon yanka, duk da ido da hannu su ke ci, kuma da yawansu sun fi mai takardar sakandare da ke zaune ƙofar gida samu. Ban ce ko wane yaro zai zama ɗayansu ba. Akawu ma da ya iya ja layi madaidaici ya fi wanda bai iya ba.

In Yaro Ya Zana Abin Da Ya Faru

Na komo kan bindigogin kara. Ran da malami ya raba kwali da gawayi ya ce kowa ya zana abin da ya ga dama, lalle waɗansu za su zana babura da wuta da mutane kwance. Haka ya ke ko'ina a duniya. A 2007 wata ƙungiya ta Ingila mai suna Waging Peace ta ba yaran Darfur da ke gudun hijira a gabashin Cadi takarda da fensir, suka zana hotuna kamar 500, yawancinsu na harin da aka kai ƙauyukansu, har Kotun Duniya da ke Hague ta karɓe su don su taimaka mata fahimtar abin da ya auku. Yaro ya kan faɗi da hannu abin da bakinsa ya kasa.

Amma malami ba likita ba ne, kada ya ɗauki kansa haka. Kada ya ce wa yara su zana ranar da aka zo garinsu. In yaro ya zana don kansa, kada a yage, kada a yi masa tsawa, kada kuma a ɗaga a nuna wa aji. A tambaye shi a hankali ko yana so ya ba da labarin, in ya yi shiru a bar shi. Abin da ya fi kome haɗari shi ne a ɗauki hoton zanen da waya a sa a WhatsApp ko Facebook don a ga tausayin malami. Yaro ya kan sa alama a zanensa, ko ya rubuta suna, a yankin da kalmar infoma ke iya kashe mutum. A ajiye irin wannan takarda a akwatin hedimasta, in kuwa an ga yaron ba ya barci ko ba ya magana, a nemi iyayensa.

Yaran gindin bedi ban hana su bindiga ba, don na san ina juya baya za su ci gaba. Na ce musu dai ina so in ga wanda zai yi mini amalanken shanu mai juya ƙafa, da injin ban ruwa irin na fadama, zan dawo in duba. Na kuma ce wa ɗalibina ya lura da yadda ya ke raba ƙungiyoyi. In akwai 'ya'yan Fulani a ajin, kada ya bar su gefe guda. Ba wanda ya kai su iya gina saniya da yumɓu, da tozo da ƙaho da kome, kuma yaron da ya roƙi ɗan'uwansa ya gyara masa ƙahon saniyarsa, da wuya ya kira shi da sunan da ya ji manya suna kira.

Ga Malaman Ofis

Sauran magana taku ce, ku da ke ofishin Sakataren Ilmi da na Ƙaramar Hukuma, don malami shi kaɗai ba ya iyawa. Minti talatin da biyar ba su isa a jiƙa yumɓu a gina a wanke hannu ba, sai a yarda hedimasta ya haɗa darasi biyu wuri ɗaya sau ɗaya a mako. A aika da takarda ko wace makaranta cewa ba a ba da maki sai ga abin da aka yi a gaban malami, tsintsiyar kasuwa da kuɗinta an soke su. Mai duba makarantu kuma in ya je, ya bar tambayar littafin rubutu, ya ce a nuna masa abin da yara suka yi.

Masu koyarwa kuwa suna nan kusa. Cikin mutanen da suka baro ƙauyuka akwai masu saƙar faifai da tabarma, da magina, da dukawa, da masu gyaran ƙwarya, waɗansu suna zaune ba aikin yi. Kwamitin iyaye na ko wace makaranta ya san su da sunansu. A gayyato ɗaya sau biyu a wata, a ba shi ɗan hasafi na mutunci daga kuɗin gudanar da makaranta, a rubuta shi cikin littafin kuɗi yadda mai bincike zai gani. Malamin aji ya zauna a tabarma tare da yara shi ma ya koya, ba abin kunya ba ne. A ƙarshen zango a shimfiɗa aikin a fili, a gayyaci mai gari da iyaye mata musamman, in da hali a kai mafi kyau gaban Sarkin Ruma a Batsari ko Yariman Katsina a Safana. Mu ma a kwaleji da namu laifin, mun daɗe muna yaye malaman da suka ci jarrabawar darasin nan a takarda ba su taɓa cuɗa yumɓu ba.

Bayan mako uku na koma makarantar nan don in ba ɗalibina makinsa na ƙarshe. Bindigogi suna nan, ban ce sun ɓace ba. Amma a kan tagar aji huɗu na iske amalanke biyar a jere. Na yaron mai babur ya fi sauran kyau, sai dai ƙafafunsa sun ƙi juyawa, don ya matse sandar tsakiya da yawa. Ya ce in ba shi zuwa ran Alhamis, ya gane inda kuskuren ya ke.